Koren Alƙalamin Mai Agogo

Ƙwallo ta uku ke nan da Mai Agogo yake nema a cikin ciyawar filin golf, kuma ko rami na huɗu ba a kai ba.

Ya sunkuya yana lalube da kan sanda. Ɗansa na tsaye a bayansa riƙe da jakar sanduna. Da safe suka yi magana a gida: in dai idon ya kai inda ba ya ganin ƙwallo, to fita ta ƙare. Bara aka karɓe makullin mota. Shago kuwa an rufe shi shekara shida ke nan, tun ranar da ya sa wa agogon wata mata hannu a juye. Filin golf ɗin nan kaɗai ya rage masa a duniya, shi ya sa ya rantse wa yaron cewa a shekara shidan nan bai taɓa ɓatar da ƙwallo ko ɗaya ba. Ba kuma ƙarya ya yi ba.

Yau wasan tunawa da amininsa Sarkin Yawo ake yi, wata guda da rasuwarsa.

Sunan ya bi jiki. Babu ƙasar da za a ambata bai ce ya taɓa buga ƙwallo a cikinta ba, kuma daga kowace tafiya sai ya dawo da akwati cike da tsarabar wasu. Ka yaba hularsa, sai ka tafi da ita. Aljihunsa kullum a kumbure yake, 'yan kulob suna tsokanarsa wai kanti ya buɗe a wando, shi kuma ya zaro alewa ya toshe musu baki. Shi ya je ya ɗauko Mai Agogo daga ɗaki bayan rufe shago, ya ba shi sanduna, ya koya masa tsayuwa da lilon sanda, ya koya masa yi wa ƙwallonsa alama don kada ta haɗu da ta wani. Mai Agogo ya zaɓi ɗigo uku da koren alƙalami.

Laifi ɗaya Mai Agogo yake riƙe da shi. Mutumin da zai cire takalminsa ya ba ka, sai ga shi ya ari koren alƙalamin nan ya ƙi mayarwa. Shekara shida yana yi masa gori, shi kuwa sai dariya.

Abin da Mai Agogo bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da zarar ƙwallo ta bar sanda, ba ya ƙara ganinta. Yana dai bugawa. Sarkin Yawo zai kare rana da tafi, ya ce, "Kai, wannan hannu naka!" Sai ya yi gaba da dogayen ƙafafunsa, ya bar shi yana tafe a hankali. Kafin ya iso sai ya ji kira daga nesa: "Ga ta nan, a tsakiyar fili!" Shi kuma ya fito da ɗan gilashinsa na gyaran agogo, ya durƙusa ya duba, ya ga ɗigo uku. A ransa ya yarda cewa hannun da ya yi shekara arba'in a cikin agogo ba ya buƙatar ido.

Yau hannun ya ci amanarsa. Ta farko ya ji ƙarar faɗawarta ruwa. Ta biyu ta daki bishiya. Ta ukun nan ko ƙararta bai ji ba.

"Baba, minti ukun da doka ta bayar na nema sun cika," ɗan ya ce a hankali. "Mutane na jira a baya."

"Tana nan kusa. Bari in ƙara dubawa."

"Baba, can hagu ta yi. Mu nan dama muke."

Mai Agogo ya miƙe tsaye. Ya juya hagu, bai ga komai ba sai kore da fari sun cakuɗe. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita. Ashe wata guda ya isa ido ya ƙarasa mutuwa, ko kuwa baƙin ciki ne ya shiga hannun? Bai san wanne ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya kama kafaɗarsa, suka juyo.

A barandar kulob ya zauna, ana ta yabon marigayi kewaye da shi, kowa da abin da aka taɓa ba shi. Ya san gobe sandunan za su hau saman kabad, shi kuma ya koma kujerar bakin taga.

Matar marigayi ce ta matso, tana jan tsohuwar jakar mijinta mai tambarin filayen jirgi a jiki.

"Mai Agogo, kai ya ce a ba wa wannan, tun yana asibiti," ta ce. "Ya ce a ba ka haƙuri, wai akwai abinka a ciki."

Ya zuge aljihun gefe, ya sa hannu. Alƙalami ya fara taɓawa, sai murmushi ya kuɓuce masa duk da halin da yake ciki. A ƙarƙashinsa kuwa ƙwallaye ne cike, sun fi talatin.

"Duk ranar da za ku yi wasa, sai ya zauna bayan karin kumallo yana zanensu, ya cika aljihu," matar ta ce. "Na tambaye shi har na gaji."

Mai Agogo ya ɗauki ɗaya, ya lalubo gilashinsa, ya kai ta kusa da ido. Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya sake ɗaukar wata. Kowace ɗaya da ɗigo uku kore a jikinta.