Gorar da Ba a Ba Ta Ruwa

"Wannan za ka ɗauka, Malam Gwadabe," in ji Dalhatu, mai sayar da dashe a Rogo, yana haƙar gindin wata doguwar gora da fartanya. "Mai yaɗo ce. Ko da bazara ban taɓa ba ta ruwa ba."

Na ɗaga kai. Ta wuce rufin ɗaki, ganyenta shar. 'Yata Munawwara ta daɗe tana fama da ciwon ciki da zazzaɓi, ɗakinta kuwa kamar murhu. Inuwa nake nema mata.

Ya fizgo saiwar. Wani wari ya buge ni, sai da na tofar da yawu.

"Mene ne haka, Malam?"

"Ai da kanta take nemo ruwa. Ta fasa shaddar gidan nan, ta bi ta ƙasa ta ɓulla cikin rijiya."

Na ce ko kyauta ba na so.

"Kuma haka kuke shan ruwan, kai da iyalinka?"

"Allah ya kiyaye," ya ce, yana kakkaɓe hannu. "Mu ruwan leda muke sha. Rijiyar sadaka na yi da ita, makarantar 'yan matan da ke bayanmu ke ɗiba."

Can Munawwara take karatu.