Ramukan Bangon Doña Casilda

Duk Disamba kowa a garinmu Barahona sai ya yi wa gidansa fenti kafin Kirsimeti. Ni tun da mijina ya rasu, Eladio ne ke yi mini. Bangon falona mai kaushi ne, duk tudu da rami. Bana ma da ya bushe, sai ga ramukan fari tas, fentin bai shiga ba. Na aika aka kira shi.

"Eladio, makaho ne kai? Kowace shekara sai na dawo da kai gyara! Wannan rolar da kake shafa fenti da ita, mai ƙwal-kwabo, ta bangon sumul ce. Kwashe kayanka, zan nemi wani."

Ya cire hula, ya tsura wa takalminsa ido. Can ya zaro wata rola mai gashi daga jaka, sabuwa fil a ledarta.

"Ina da ita tun shekarar farko, Doña Casilda."

"To uban me ya hana ka aiki da ita?"

"In na yi da ita, yini ɗaya na gama. Ke kuma ba kya kiran mutum sai ya yi laifi." Ya ɗago kai ya dube ni. "Aurenki nake so."

Kofin gahawa ya suɓuce mini. Ni da jikoki! Ashe duk masifar da nake zazzaga masa, shi zance yake zuwa!

Na daɗe ina kallon furfurarsa mai ɗigon fenti.

"Munafuki," na ce. "Yage ledar nan ka gama mini bango yau. Gobe ka zo da riga mai tsabta, ka bar bokitin a gida."