Magini da Farantin Ƙanƙara

Gyara zama in ba ka misali, abokina. A bakin kasuwa na tsince shi, kuma ka san ni ba na tsintar abin banza.

An yi wani tsohon magini mai tukwane da randuna, wanda duk gari aka sallama masa wajen sanin kaya. Ba ya sayen komai sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne. In abu ya yi amo, lafiyayye ne. In ya yi shiru, akwai tsaga. 'Yan tsokana ma sun ce sai da ya ƙwanƙwasa goshin surukinsa kafin ya ba shi 'ya. To, ana gab da sunan jikarsa, tsakiyar bazara, matarsa ta aike shi ya sayo farantan daskarar da ƙanƙara, domin ta yi wa dangin suruki alkawarin zoɓo mai sanyi, su kuwa mutane ne da ba sa manta abin gori. Mai shago ya miƙo masa na silikon, robar nan mai laushi. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya murɗa, ta lanƙwashe kamar kunnen akuya. Ya ce, "Ɗana, wannan ai tun a shago ya mutu." Ya zaɓi masu tauri, masu amo, ya dawo gida yana taƙama.

Ranar suna ƙanƙara ta kama faranti gam, ta ƙi fita. Tsoho ya ƙwanƙwasa, ko gezau. Ya buga a gindin turmi, faranti ya dare biyu, ƙanƙara ta watse cikin ƙasa, agwagi suka bi ta da gudu. Ga baƙi a rumfa suna ta fifita da gefen mayafi, ga zoɓo ɗumi kamar ruwan wankan jego. Matarsa kallo ɗaya ta yi masa, ya ji gara zagi. Sai ga maƙwabciyarsu mai kunun aya ta shigo da nata farantan masu laushi, cike. Ta kifa su a bakin randa, tana danna bayansu da babban yatsa, ƙanƙara na faɗawa ɗaya bayan ɗaya, tsulum, tsulum. Baƙi suka sha har suna neman ƙari, ba wanda ya tafi da abin faɗi.

Da la'asar tsoho ya jingina da bango, kofi a hannu, yana juya farantin maƙwabciyar ciki da bai yana dariya shi kaɗai. Ya ce wa matarsa, "Hajiya, ashe akwai kayan da ba a tambayarsa da kunne." Ta ce, "Malam, sha zoɓonka kafin ƙanƙarar ta narke."

Har gobe yana ƙwanƙwasa randa kafin ya sayar, amma ran kasuwa da ya koma shagon nan, da babban yatsa ya yi zaɓe. Hausawa dai sun gama magana: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.