Unguwar da Ba a Gama Gininta Ba

A wani birni, ƙa'idarsu ita ce kowace unguwa da harajin gidajenta ake riƙe makarantarta, tun daga albashin malamai har kwanon rufi. Gidan da aka kammala shi ke biya, wanda ba a gama ba kuwa sai a ɗaga masa ƙafa. To akwai wani magini a wata unguwa ta bayan ganuwa, gwani ne ƙwarai, ga shi da wayo irin na wanda ke ganin ya riga kowa farkawa. Da ya tashi gina nasa gidan, ya gyara ciki tsaf, ya shafe ɗakuna, ya sa fenti, amma waje ya bar bulo tsirara, ya kuma bar rodi a tsaye bisa rufi kamar gobe za a ɗora bene. Mai ƙiyasta haraji ya zo, ya ɗaga kai ya ga rodi, ya wuce abinsa. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga. Masu shaguna a babbar kasuwa da ke gina gidaje a unguwar suka riƙa aiko masa, kowa na cewa a yi masa irin na magini. Shi kuwa har wani rangaji yake in ya bi layi, yana kallon rodinsa suna tsatsa a saman gidaje, mata na ɗaura igiyar shanya a jikinsu.

Yana da 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa a makarantar unguwar, wadda malamarta ta taɓa tare shi a hanya ta ce ya riƙe ta da kyau, yarinyar nan za ta yi nisa. Duk majalisar da ya zauna sai ya maimaita wannan magana. Amma shi ɗin, mutumin da ke hango tsagar bango daga tsallaken titi, kullum yana wuce makarantar nan bangonta na buɗe baki, sai ya ce ai aikin hukuma ne. Albashi ya fara makara, malamai suka nemi canjin wuri ɗaya bayan ɗaya. Masu shagunan da ya yi wa dabara suka kwashe 'ya'yansu a mota zuwa makarantar kuɗi. Da iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Magini ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ofishin hukuma da ƙorafi a bakinsa. Jami'in da ya saurare shi bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ai unguwarku ba a tare ba tukuna, duk kango ne. Wa za mu gyara wa makaranta?" Magini ya juya ya fita, don babu kangon da ba hannunsa ya tsara ba.

Ya kai yarinyar makarantar unguwar gaba, suka ce ba sa karɓar ɗan wanda ba ya biya a wurinsu. Ya dawo ya hau rufinsa ya yanke rodi, ya yi wa bango shafe, ya je da ƙafarsa ya kira mai haraji. Ya bi maƙwabta gida gida yana roƙo zai yi musu shafe kyauta. Suka ba shi ruwa ya sha, suka ce, "Haba, ba kai ka koya mana ba?" Harajin gida ɗaya kuwa ba ya rufa makaranta. Da fari yarinyar kan sa kayan makarantarta kowace safiya ta zauna a zaure, ko za a ce an buɗe. Daga baya ta daina. Da kayan suka yi mata kaɗan, uwarta ta yayyanka su tsumman goge tukunya. Abin da ya fi cin ransa shi ne har yau in ya dawo daga aiki ita ke tarbarsa da murna ta karɓi cokalin gininsa, ba ta san shi ya rufe mata ƙofa ba.

Masu iya magana ba su yi ƙarya ba: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.