Lambar da Ta Hana Ni Shan Fura

Zamanin da kuɗin fetur ya cika ƙasa, tankokin mai kan yi layi a bodar Jibiya har ido ya gaji. Ranar nan ni da Kawu muna jiran kwastan su buɗe mu wuce Maraɗi. Kawu malamin lissafi ne, ko a hanya ba ya hutawa. Rana ta take, ga mai fura ta sauke ƙwarya a gindin bedi.

Sai ya nuna lambar tankar da ke gabanmu, 7919.

"Nemo mini lambar da za ta raba wannan ba saura, sannan ka sha."

Na durƙusa ina zane a ƙasa da tsinke. Uku ta ƙi, bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta bar saura. Maƙogwarona ya bushe ƙamas. Ina kan sha bakwai mai fura ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

"Kawu, ta ƙi rabuwa!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ba ta rabuwa, yaro! Irinta ba mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta."

Ashe ya sani tun farko!

Har yau ba na ganin lambar mota ban kama rarraba ta ba. Allah ya jiƙan Kawu, amma furar nan ban yafe ba.