Gamban da Na Tuge a Gonarmu

Ina ɗan shekara tara aka fara ba ni fartanya tawa ta kaina. Wata rana da la'asar muna noman farko a gonarmu ta Kaikai, sai na ga tushen gamba a bakin kunyar ƙarshe. Na ɗauka ciyawa ce kawai. Na tuge shi har saiwa, na ɗaga ina jiran yabo, ban san shi ne iyakar gonarmu da ta Malam Audu ba.

Baba bai daka mini tsawa ba. Ya ajiye fartanya, ya je ya kirawo Malam Audu, ya nuna masa ramin.

Malam Audu ya ce, "Haba Malam, a kan wannan ka taso ni? Mayar da shi mana."

Baba ya ce, "A'a. Ubana da ubanka suka dasa shi tare. Ba zan mayar da iyaka ni kaɗai ba."

Suka durƙusa su biyu, suka tura ƙasa da hannu. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Dukansu sun rasu. Yanzu turakun siminti ne a wurin, kuma ni da 'ya'yan Malam Audu ko gaisawa ba ma yi.