Tukunyar da Baba Bai Yarda da Ita Ba

"Hayaƙi na fitowa ta tagar kicin ɗinku!" in ji maƙwabciyarta a waya. "Mun yi ta buga ƙofa, Baba bai amsa ba."

Tela ta watsar da almakashi ta fita a guje. Da safe ta zuba nama a sabuwar tukunyar lantarki, irin mai dahuwa a hankali yini guda, ta kunna ta tafi shago. Ta sa ruwa isasshe, ta nisanta ta da labule. Amma mahaifinta ya sha gaya mata: "Tukunyar da ke girki babu mai tsaro, wata rana gidan za ta cinye." Ga shi shi kaɗai ne a ciki, kunnensa kuma ya yi nauyi.

Tana isa gida ta buɗe ƙofa. Ta kutsa kicin tana tari, ta kai hannu za ta fizge igiyar tukunyar daga soket. Ashe tuni an zare ta. Tukunyar ta yi sanyi ƙalau, cikinta wayam.

Can gefe, tsohuwar tukunyarsu ce a kan murhun gas, naman ya zama gawayi. Ta kashe murhun, ta wangale tagogi.

Baba ya fito daga ɗaki yana murza ido, ya dubi hayaƙin, ya girgiza kai.

"Ki gode wa Allah na juye naman kafin in kishingiɗa. Da a waccan taki na bar shi, da yanzu ba wannan zancen ake ba."